Yadda Iyaye Za Su Raka 'Ya'yansu Daga Rajistar JAMB Zuwa Samun Gurbin Karatu

Na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare a cikin garin Gombe. 'Ya'yana uku sun bi ta wannan hanya, ban da 'ya'yan dangi da na maƙwabta da ake turo mini kowace shekara da zarar an ji an fara sayar da fom. Abin da na gani da idona shi ne, yaran da suka rasa gurbi saboda ƙarancin maki suna da yawa, amma waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu maki mai kyau da suka zauna a gida saboda sunan da bai dace ba, ko layin waya da ya ɓata, ko darasin da aka zaɓa bisa kuskure. Waɗannan kuwa duk abubuwa ne da uba ko uwa za su iya tsarewa, ko da ba su taɓa shiga aji ba.

Abubuwan da za ku tanada tun yaro yana farkon SS3

Lambar NIN ta yaron, da takardar da aka buga ta a kai. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Takardar kammala firamare. Layin waya guda ɗaya wanda ba a taɓa yi wa wani rajistar JAMB da shi ba. Adireshin imel na yaron shi kaɗai. Hotunan fasfo kamar goma sha biyu. Sai fayil na roba mai zif da littafin rubutu ƙarami.

Wannan littafin kada ku raina shi. A ciki za a rubuta lambar layin, da imel da lambar sirrinsa, da duk wata lamba da za a ba yaron daga baya. Fayil da littafi su zauna a ɗakin mahaifiya ko a durowar mahaifi, yaro ya karɓa idan zai fita ya dawo da su da yamma.

Batun kuɗi, a shekarar 2025 rajistar ta tsaya a kan naira 7,200, ga wanda zai yi jarrabawar gwaji kuma 8,700. Farashin yana iya canzawa, don haka ku saurari sanarwar shekarar. Ku ƙara da kuɗin mota, da na buga takardu, da na fom ɗin tantancewa a makaranta, da na katin duba sakamako.

Mataki na 1: Daidaita suna da ranar haihuwa

Ku baza takardun a kan tabarma, ku sa wanda ya iya karatu ya karanta su harafi bayan harafi. Hukumar JAMB ba ta tambayar yaro sunansa, daga rumbun NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, tun 2021 da aka wajabta amfani da lambar. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a rajistar WAEC kuma malamin makaranta ya rubuta Mohammed, to an shuka matsala. Haka idan a wata takardar sunan uba ne a gaba, a wata kuma sunan kaka ko sunan gari. Mu nan Arewa wannan ya fi damun mu, domin yaro ɗaya sai ka same shi da Aisha Umar a firamare, Aishatu Umar Kumo a sakandare, A'isha Faruk a NIN.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku kai takardar NIN makaranta kafin a yi rajistar WAEC da NECO, ku ce a kwafa yadda take. Idan NIN ɗin ce ke da kuskure, a fara neman gyara tun watan Oktoba ko Nuwamba, domin gyaran yana ɗaukar lokaci, musamman na ranar haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku lura da shekaru. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce sai yaro ya kai shekara 16 kafin a ba shi gurbi. Kada wani ya ba ku shawarar ƙara masa shekaru a takarda. Ranar haihuwar da aka rubuta yau ita za ta bi shi har bautar ƙasa, har aiki, har ritaya.

Mataki na 2: Zama da yaro a kan abin da zai karanta

Nan ne gidaje da yawa suke samun saɓani, kuma nan nake so in daɗe.

Kusan duk uban da ya zo wurina da yaro ɗan ajin kimiyya, maganar farko ita ce, "Malam, likita nake so ya zama." Buri ne mai kyau, kuma muna buƙatar likitoci, musamman mata. Amma kafin a rubuta shi a fom, ku karɓi sakamakon yaron na SS1 da SS2 ku duba Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ku je makaranta da ƙafarku ku tambayi malaman da ke koyar da shi, zuwa da kai ya fi saƙo. Malamin da ya yi shekara biyu yana duba takardun yaro ya san inda ƙarfinsa yake, kuma idan aka tambaye shi cikin mutunci zai faɗi gaskiya.

Sannan ku tambayi yaron, ba a gaban baƙi ba, ba kuma a gaban yayyensa ba. Wata ɗalibata sai da muka kai ƙofar cibiyar rajista ta ce mini a hankali, "Malam, ni fa jini tsoro yake ba ni, lissafi nake so, amma na kasa faɗa wa Baba." Na kira mahaifinta gefe muka yi magana, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai bai sani ba, da ta faɗa da tuni ya yarda. Kunyar da muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kanta abu ne mai daraja, amma a wannan wurin sai babba ya buɗe ƙofa. Idan yarinya ba za ta iya magana da mahaifinta ba, mahaifiya ko gwaggo ta ji ta bakinta ta isar.

Kowane kwas yana da darussa huɗu da ake rubutawa a JAMB, Turanci dole ne ga kowa. Likitanci: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Yawancin injiniyanci: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Lauya: Adabin Turanci da wasu biyu daga darussan ajin Art ko zamantakewa. Akanta: Lissafi, Tattalin Arziki, da wani guda daga darussan kasuwanci ko zamantakewa. Wannan a dunƙule ne, kowace jami'a tana iya ƙara nata sharaɗin, kuma duk suna cikin kundin da JAMB ke sakawa a shafinta kyauta. A duba kundin, kada a dogara da abin da wan yaro ya rubuta shekara biyar da suka wuce. Yaron da ya ci 280 da darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, makinsa ba zai yi masa aiki a wannan kwas ɗin ba.

Haka nan a ɓangaren sakandare, ana buƙatar kiredit biyar a darussan da suka shafi kwas ɗin, ciki har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar haɗin zama biyu, kamar WAEC da NECO, amma likitanci a jami'o'i da yawa zama ɗaya ake so. Mai son lauya ya tabbata makarantarsu tana koyar da Adabin Turanci kuma an yi masa rajistarsa, domin akwai makarantun da ba su da malaminsa, sai a wuce shi shiru.

Mataki na 3: Zaɓen makaranta

Zaɓin farko shi ne mai nauyi. Jami'o'in gwamnati da wuya su waiwayi wanda ya sa su a zaɓi na biyu, don masu zaɓin farko ma sun fi ƙarfin guraben.

Ga abin da ya kamata ku sani game da jami'o'in tarayya. Ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Gombe da Bauchi duk suna cikin wannan jerin. Ma'ana, ɗan Dukku ko Billiri da ya nemi Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi, yana da ƙofa fiye da ɗaya. Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, ita kuma 'yan jiha take fifitawa, kamar yadda Jami'ar Sa'adu Zungur take yi wa 'yan Bauchi. Shi ya sa takardar indijin take da muhimmanci, kuma jihar da aka rubuta a rajista ta zama daidai da ita.

Ku yi lissafin aljihu tun yanzu. Yaron da ke karatu a cikin gari yana kwana a gida yana cin tuwon gida, nauyinsa daban da na wanda zai tafi Zariya ko Maiduguri. Na ga an sami gurbi a nesa an yi murna, aka zo biyan kuɗin rajista da ɗaki aka kasa. Sauran zaɓuɓɓukan kuma kada a bar mai cika fom ya sa duk abin da ya ga dama. A sa makarantar da idan ta kira za a je, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi ko ta Kaltungo.

Mataki na 4: Rajista

Yawanci a farkon shekara ake buɗewa. A kan layin da kuka ware, a rubuta NIN, a bar tazara, a rubuta lambobi 11 na yaron, a aika zuwa 55019 ko 66019. A tabbata akwai kuɗin kira a layin, data ba ta yin wannan aikin. Za a turo lambar furofayil. Da ita ake sayen fin, wato lambar sirrin da ake yin rajista da ita, a banki ko a wurin dillalin da aka amince da shi, sannan a tafi cibiyar CBT, wato wurin rajista da jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta tantance. Shagon intanet na unguwa ba shi da izinin yin rajista, komai kirkin mai shi.

Layin nan shi ne yaron a wurin JAMB. Da shi za a duba sakamako, ta kansa saƙonni za su zo. Kada a yi amfani da layin mai shago, ko na aboki, ko layi ɗaya ga yara biyu. A riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Idan ya ɓata, a je a yi walkam bak a dawo da lambar, kada a sayi sabo.

Iyaye mata, ga naku: lalle. Ana ɗaukar hoton yatsu goma a wurin rajista, kuma da yatsun za a shiga ɗakin jarrabawa. Lalle mai kauri a kan yatsu yana hana na'ura karantawa, JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kan haka. Ko bikin wa ake yi a gidan, yarinya ta haƙura da ƙunshi daga makonni kafin rajista har a gama jarrabawa.

Kafin a tura bayanan, yaro ya karanta komai a allon kwamfuta da idonsa: suna, jiha, ƙaramar hukuma, darussa huɗu, kwas, makaranta, garin da zai rubuta jarrabawa. Layi yana da tsawo, ma'aikaci yana sauri, amma minti biyu a nan sun fi wata biyu na zirga-zirgar gyara. Wanda bai rubuta WAEC ba tukuna za a sa masa alamar yana jiran sakamako. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Mataki na 5: Shiri

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi cikin ukun. Jimillar maki 400. Akwai littafin labari da ake bayarwa a wurin rajista, ana yin tambayoyi daga cikinsa, a karanta shi.

Yaranmu da yawa, musamman na ƙauyuka, ranar jarrabawa ce ranar farko da suke zama gaban kwamfuta. Yaro ya san amsa, hannu yana rawa, lokaci yana tafiya. Idan da hali a biya masa jarrabawar gwaji. Idan babu, a kai shi shagon kwamfuta ya zauna ko sau huɗu ne, ya saba da linzami da maɓallai. Akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi da ke aiki a waya ba tare da data ba. Idan babu kuɗin lesin, yara uku ko huɗu su haɗu a zaure bayan la'asar da littafin tsofaffin tambayoyi da agogo.

Naku aikin a gida shi ne rage masa aike. Yarinyar da za ta yi wanke-wanke da girki da rainon ƙanne, ko yaron da ke tsare shago har dare, ba za su yi gogayya da wanda aka bar shi da littafi ba. Wata uku ne kawai, a raba aikin ga sauran.

Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi yana da amsoshi, ko yana da cibiyar da ake taimako, ku rufe masa ƙofa. Ƙarshen abin ko a cinye kuɗinku, ko a riƙe sakamakon yaro.

Mataki na 6: Ranar jarrabawa

A buga silif ɗin da ke nuna cibiya da rana da lokaci, a je a ga wurin kwana ɗaya kafin ranar. Wanda zai taso daga Nafada ko Bajoga aka ba shi safiya a Gombe, ya kwana a gari wurin dangi. Ba a shiga da waya, ko agogo, ko kalkuleta. Ku kai shi ku yi masa addu'a ku koma, ba a yarda iyaye su taru a bakin cibiya ba.

Mataki na 7: Ranar da maki ya fito

A aika UTMERESULT a haɗe zuwa 55019 ko 66019 daga wannan layin.

Kafin ku buɗe baki, ku san wannan: a sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Yaron da ya kawo 185 yana cikin mafi yawan 'yan ƙasa, bai zama daƙiƙi ba. Na san yaron da ya ɓoye sakamakonsa mako uku yana cewa bai fito ba, saboda an riga an gaya masa ɗan maƙwabci ya ci 260. Cikin makonnin nan uku yana fama da WAEC da zuciya a dagule. Ku tuna makin JAMB yakan fito ne daidai lokacin da WAEC ke kankama, NECO kuma tana biye. Idan kuka karya masa gwiwa a ranar, jarrabawa biyu kuka taɓa, kuma su ne takardunsu ke aiki har abada, makin JAMB kuwa na shekara ɗaya ne. Ku ce masa Allah Ya sa albarka, ya mayar da hankali kan abin da ke gabansa, maganar maki a yi ta bayan kwana biyu.

Sai fahimtar makin. Akwai mafi ƙarancin maki na ƙasa da ake yankewa a taron shekara-shekara. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace makaranta tana sa nata, kowane sashe kuma yana da nasa a sama da na makarantar. Jami'a za ta iya sayar wa mai 160 fom ɗin tantancewa, alhali sashen likitanci ko lauya ko jinya ba zai kalli wanda bai haura 200 da nisa ba. Iyaye da yawa a nan suke ruɗewa, su ce ai ya ci makin makarantar, me ya sa ba a ba shi ba.

Idan makin bai kai na kwas ɗin ba, a canza kwas ko makaranta a cibiyar CBT, da ɗan kuɗi kaɗan. A yi da wuri, kafin makarantar ta rufe fom ɗinta, kuma sabon kwas ɗin ya dace da darussa huɗun da aka riga aka rubuta. Wanda ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji yana da hanyoyi da dama a kimiyya da noma da koyarwa.

Mataki na 8: Ɗora sakamako da tantancewa

Da zarar WAEC ko NECO ta fito, a koma cibiyar CBT ko ofishin JAMB a ɗora sakamakon a shafin yaron. Wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane. Ɗorawa a shafin jami'a daban, ɗorawa a JAMB daban, kuma ba a ba wanda har yanzu shafinsa ke nuna yana jiran sakamako gurbi. Bayan an ɗora, yaro ya shiga shafinsa ya ga darussan da idonsa.

Fom ɗin tantancewa na makaranta shi ma dole ne. Wasu makarantun suna yin jarrabawa, wasu lissafi kawai suke yi da makin JAMB da darajar kiredit. A irin wannan lissafin B3 ta fi C6 nauyi, don haka idan yaro yana da sakamako biyu a duba wanda ya fi ƙarfi. Sanarwa kuma daga shafin makarantar za a ɗauka, ba daga abin da ake yaɗawa a WhatsApp ba.

Mataki na 9: CAPS

CAPS shi ne tsarin intanet da JAMB ke ba da gurbi ta kansa, kuma tun 2017 duk gurbin da yake halastacce ta nan yake bi. Yaro ya riƙa shiga shafinsa ko sau biyu a mako. Wani lokaci makaranta takan ba da shawarar mayar da shi wani kwas, sai ya amince kafin a ci gaba, to ku zauna ku tattauna kafin ya danna. Idan gurbi ya fito akwai wa'adin karɓa, kuma wanda ya karɓa ya rufe ƙofar sauran makarantu a wannan shekarar. Bayan karɓa a buga takardar gurbi ta JAMB da ta sakamako, a sa a fayil.

Idan wani ya ce yana da hanya a cikin makaranta, a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro, ku tambaye shi abu ɗaya: zai fito a CAPS? Gurbin da bai fito a can ba, yaro zai iya shekara huɗu yana karatu, ranar tafiya bautar ƙasa a ce babu sunansa. Neman taimakon wanda ya san makaranta don ya duba muku inda takarda ta tsaya ba laifi ba ne, biyan kuɗi a asusun mutum shi ne haɗarin. Kuɗin makaranta ta hanyar da makarantar ta sanar kawai ake biya.

Wanda ya sami gurbi a makarantar gwamnati kuɗi suka gagara, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Bashi ne marar ruwa, ana nema ta intanet da lambar JAMB da NIN da BVN, ku karanta sharuɗɗan tare da yaron kafin ya cika.

Mataki na 10: Idan jerin sunaye ya ƙare babu nasa

A fara gano dalili. Idan Turanci ko Lissafi ne ya ƙi, a yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO da ake yi a ƙarshen shekara, a cike giɓin kafin wata JAMB ɗin. Idan kiredit sun cika maki ne ya gaza, akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, karatun kusan shekara guda ne, wanda ya ci yana neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. A tabbata cibiyar da za a shiga tana cikin waɗanda aka amince da su. Akwai karatun share fage da wasu jami'o'in ke yi, amma a tambaya tun farko ko ana buƙatar sake rubuta JAMB tare da shi, don galibi ana buƙata. NCE, wato takardar kwalejin ilimi, da difloma ta ƙasa su ma suna kai mutum aji biyu na jami'a idan sakamako ya yi kyau, kuma yana riƙe da takardar da zai nemi aiki da ita.

Idan shawara ta tsaya a kan sake rubutawa, kada a bar watannin nan su tafi a bakin titi. A sa shi koyon kwamfuta ko ɗinki ko gyaran waya da safe, karatu da yamma. 'Ya mace kuma idan maganar aure ta taso a tsakanin, a yi maganar karatun a fili da dangin mijin tun kafin a sa rana. Layin wayar nan da imel da fayil a adana su yadda suke, domin da layin da aka yi rajistar farko za a sake neman lambar furofayil a watan da aka buɗe sabuwar rajista.